Juma'o'in da Na Ƙirga Motoci a Bakin Gada

Tunda 'yar'uwarku Binta ta zauna da alƙalami ta ce in faɗa ta rubuta, bari in fara da maganar da na san ita kuka fi son ji, ko da yake babu ɗayanku da ya taɓa yi mini ita ido da ido. Kun taso kuna jin cewa ni na raba mahaifinku da aikin gwamnati. Gwaggonku Hansai, yayarsa, ita ta fara faɗa, ta kuma yi ta faɗa a gidan suna da gidan biki har ta koma ga Allah. Ban taɓa tanka mata ba. Yanzu ita ba ta nan, shi ma ba ya nan, ni kaɗai na rage cikin waɗanda suka ga abin. Ba neman a wanke ni nake yi ba. So nake ku san yadda aka yi, kowa ya yanke abin da ya ga dama.

A shekarun da arzikin mai ya shigo ƙasa ne. Ku ba ku ga Wudil kafin nan ba. A da idan mota ta taso daga Kano, tun tana nesa ake jin ta, a gama fira kafin wata ta biyo. To a 'yan shekarun nan sai motoci suka ɓarke kamar an kwance su daga turke. Malamin makaranta ya sayi mota, akawu ya sayi mota, mai sayar da fata ya sayi a-kori-kura, wato 'yar motar nan mai buɗaɗɗen baya. Ni kuwa rumfar tuwona tana bakin gada, nan na gaje ta daga mahaifiyata, kuma duk abin da zai haye kogin nan sai ya bi ta gabana. Na san direbobin yankin nan kamar yadda na san 'ya'yana. Na san mai son miyar kuka da mai son ta kuɓewa, na san kukan injin kowa. Ina juya tuwo, bayana na kallon titi, in ce wane ne ya taho, a duba a ga shi ne.

Mahaifinku Malam Isyaku tela ne a lokacin. Ya ɗan yi elementare, yana karatu yana rubutu, hannunsa kuma mai kyau. Sai aka zo daga ofishin masu hanya ana neman wanda zai zauna a bakin gada ya ƙirga motoci daga safe zuwa yamma, wata huɗu, don a san ko gadar tana ɗaukar abin da ke binta. Aka ce duk wanda ya yi aikin da kyau za a ɗauke shi na dindindin. Dagaci ya ba da sunansa. Ya rufe keken ɗinkinsa da tsohon zane, aka ba shi allo mai maƙale da takardu, da agogon hannu, da kujera. Ya kafa kujerar a inuwar rumfata. Kowace takarda an tsaga ta gida-gida, manyan motoci daban, na haya daban, a-kori-kura daban, motocin gida daban, kuma kowace awa da layinta. Mota ta wuce, ya ja ɗan sanda ɗaya. Ban taɓa ganin mutum ya riƙe aiki kamar yadda ya riƙe wannan ba. Tuwo ma da hagu yake tallafe kwano, idonsa na kan titi.

Juma'a ce matsalar. Ita ce ranar kasuwarmu, ranar da shanu ke cika kara, mutanen Achika da Ɗankaza da na nesa duk su kwararo. Ita ce kuma ranar masallaci. An ba shi wani mutum da zai riƙa karɓarsa daga sha biyu zuwa uku. Mutumin ya zo Juma'a biyu, sai ya sami aiki a wani kamfani a birni, ya tafi ko sallama babu. A wannan zamanin aiki ne ke bin mutane. Mahaifinku ya aika saƙo a turo wani, shiru. Juma'a ta uku na gan shi yana duba agogo yana duba titi, gumi na zubo masa.

"Malam, tashi ka je ka yi wanka. Zan riƙe maka."

"Ke Asabe, da me za ki riƙe? Ko alif ba ki taɓa ja ba."

"Mutum nawa nake ciyarwa ranar kasuwa? Ka taɓa jin na manta wanda ya ci da wanda bai ci ba?"

Ya san gaskiya ce. Nan muka tsara abin. Na ɗauko gwangwanayen madara uku, kowane na awa ɗaya. Masara ta manyan motoci, wake na motocin haya, gyaɗa ta a-kori-kura, tsakuwa ta motocin gida. Ya kwance agogon ya rataye mini a jikin ginshiƙin rumfa, ya ce idan dogon hannun ya dawo sama in ture gwangwani in jawo na gaba. Da zai tafi ya juyo ya ce duk motar da ta hau gadar nan in jefa mata ƙwayarta. Na ji shi sarai. Ina so Binta ta rubuta wannan da kyau: na ji shi, kuma na gane.

Amma ranar kasuwa ba kamar sauran ranaku ba ce. Yawancin motocin da ke bin gada a wannan lokacin na 'yan jigila ne. Akwai wani Sale mai a-kori-kura ja, yana kwaso mutane da awaki daga ƙauyukan tsallake, ya sauke, ya juya, ya sake kwasowa. A awa uku sai ya haye gadar sau takwas. Irinsa sun kai ashirin. Da Sale ya wuce na jefa gyaɗa. Da ya dawo na ɗauki wata gyaɗar, sai hannuna ya tsaya. Na ce a raina, wannan ai Sale ne, motarsa ɗaya ce, kowa a garin nan ya san ɗaya ce. Idan na jefa masa takwas, na gaya wa gwamnati Sale yana da mota takwas ke nan. Ni a sana'ata wanda ya ci ya ci, ko sau goma ya gifta ta gaban tukunya ba ya zama mutum goma. Na mayar da gyaɗar. Daga ranar, duk motar da na sani sau ɗaya take shiga gwangwani, baƙuwa ce kawai nake jefa wa duk sanda ta wuce, don ban san ko ita ce ta ɗazu ba. Ban ɓoye ba kuwa. Direbobin ma sun sani, har ya zama abin wasa. Sale yakan rage gudu ya leƙo da kai.

"Uwar ɗakina, a jefa ni mana!"

"Tun sha biyu kana ciki, ɗan nema. Wuce ka ba mutane hanya."

"To a ƙara mini ko rabin gyaɗa, na sha wahala yau!"

Idan mahaifinku ya dawo sai ya zazzage gwangwanayen a kan faifai, ya ware ƙwayoyin, ya ƙirga, ya ja sandunansa a takarda, ya sa hannu. Sau ɗaya ya ɗaga kai ya ce, yau kaɗan ne haka? Na ce abin da ke akwai ke nan. Bai ƙara tambaya ba. Ina jin ya ɗauka mutane sun tafi masallaci ne. Ina jin kuma ya san idan ya matsa zan ce ya riƙe kayansa. Haka muka yi Juma'a goma sha huɗu.

Saura mako biyu aikin ya ƙare, ranar wata Litinin da hantsi, wata farar mota ta tsaya a gaban rumfa. Injiniyan da ke kan aikin ne, saurayi dogo mai tabarau, Bashir sunansa. Ya gaishe mu gaisuwa ta mutunci, ya tambayi gida da yara da kasuwa, ya ƙi kujera ya zauna a bencin masu cin tuwo. Ina bayan zana ina tankaɗe, tsakanina da su bai fi taku uku ba. Ya fito da wata takarda mai faɗi, gefenta duk ƙananan huji, a ninke kamar rawani. Ya warware ta a kan benci ya danne da duwatsu.

Ya yi wa mahaifinku bayani a hankali, ni ma ina ji. Ya ce takardun da ake aikawa duk mako jami'a ake kai su, wani ɗaki mai sanyi inda aka ajiye injin lissafi, abin da yanzu kuke kira kwamfuta kuna sawa a jaka. Ya ce nasu ya cika ɗaki. Akwai mata da ke zaune suna mayar da kowane layi na takardar huji-huji a jikin kati. Shi kuma ya rubuta wa injin umarni, shi ma a jikin kati: tara mini waɗannan, jera mini su ta irin mota, jera mini ta rana, jera mini ta awa. Sai injin ya buga taurari a jere, kowane tauraro mota goma, layin da ya fi tsawo shi ya fi motoci. Ya ce lambobi idan suna tsibi guda ba a ganin komai a cikinsu, amma da an jera su haka ko wanda bai yi makaranta ba zai gani. Na leƙa ta ƙofar zana. Gaskiyarsa ne, na gani.

Zanen farko na irin motoci ne, ya ce babu abin mamaki a ciki. Na biyu na ranaku ne, Juma'a ta fi sauran amma ba da yawa ba, ya ce nan ya fara tsayawa. Sai ya buɗe na uku, Juma'a ita kaɗai, awa bayan awa. Layukan safe dogaye har suna neman fita daga takarda. Na yamma ma haka. Uku na tsakiya kuwa guntaye, kamar an kama kitso an datse shi da almakashi.

"Malam Isyaku, mako guda na yi ina zargin kaina," in ji shi. "Na ce ko ni na rubuta wa injin umarni ba daidai ba. Na bi katunan ɗaya bayan ɗaya. Na sa aka sake huda na Juma'a. Abin da ya fito ke nan."

"Ranka ya daɗe, lokacin salla ne ai."

"Na yi wannan tunanin. Amma muna da wani mai ƙirga a kan hanyar nan ta wajen Kano. Nasa yana raguwa awa ɗaya, ba ya faɗuwa haka har awa uku. Kuma makonni biyun farko naka ma bai faɗi ba."

Mahaifinku ya ce da hannunsa ya rubuta kowane layi. Injiniya ya ce ya san hannunsa, ba rubutun yake tambaya ba. Ya cire tabarau ya goge. Ya ce shi ba alƙali ba ne, kuma a duk masu ƙirgarsa babu mai tsabtar takarda kamar mahaifinku, sunansa ne na farko a waɗanda zai miƙa. Ya ce gari da gari sun bambanta, mai yiwuwa ne a Wudil haka abin yake.

"Kai dattijo ne a kaina. Idan ka rantse mini kana kan kujerar nan a waɗannan awoyin, da idonka ka gani, zan rubuta haka, magana ta ƙare."

Na daina tankaɗe. Ta tsakanin karan zana ina ganin ƙeyar mahaifinku da gefen fuskarsa. Mutum ne da tun da na aure shi ban taɓa jin ya rantse a kan ciniki ba, ko an ce ya ci yadi sai dai ya ce a auna. Na ga ya dubi allonsa, ya dubi agogon da ke hannunsa. Na san abin da yake gani: ɗakinmu da ke yoyo, ku huɗu a lokacin, da Yaya Hansai da ta riga ta gaya wa duk Achika ƙaninta ya zama ma'aikaci. Ya gyara zama. Ya ɗaga ɗan yatsansa sama. Ya buɗe baki ya ce, "Wal..."

Na ɗauki muciya na buga a gindin tukunya, har kajin maƙwabta suka watse. Na ja mayafi na fito.

"Ranka ya daɗe, sannu da zuwa. Ba ya nan. Yana masallaci. Ni ce a kan kujerar."

"Asabe, koma ciki."

"Zan koma, Malam. Bari in nuna masa kayan aikina."

Na kawo gwangwanayen. Na Juma'ar da ta wuce suna nan, don bayan ya ƙirga nakan mayar da ƙwayoyin inda suke. Injiniya ya dube su, ya dube ni, ya ce in faɗa masa yadda nake yi. Na faɗa. Da na zo kan Sale da gyaɗarsa ɗaya, sai ya kama baki, kafaɗunsa na rawa. Ya yi dariya har ya share hawaye. Mahaifinku bai yi ba. A nan ya fara jin abin da na yi, a gaban baƙo.

Injiniya ya zazzage ƙwayoyin a kan benci, ya jera su da yatsa, masara layi ɗaya, wake layi ɗaya, gyaɗa layi ɗaya, a gefen takardarsa. Suka yi kama da taurarin nan kamar uwa ɗaya ta haife su. Ya ce, Malama, gada ba ta san Sale ba. Nauyi ta sani. Idan ya hau ta sau takwas, sau takwas ta ɗauke shi. Na tsaya na juya maganar. Ban taɓa duba abin ta wajen gadar ba, ta wajen tukunya nake dubawa. Na ce masa wannan kam gaskiya ne. Ya ɗauki gyaɗa ɗaya ya ce, wannan ta wa ce? Na ce ba a rubuce take ba, amma in yana so in lissafa masa. Na fara daga sha biyu na Juma'ar da ta wuce: wane sau shida, wane sau huɗu sannan tayarsa ta fashe a tsallake, wane sau biyu ya tafi kai amarya. Yana rubutawa har ya cika shafi. Ya ce abin da na ƙirga ma abu ne mai amfani, don ya nuna masa motocin gari nawa ne a cikin masu bin gadar, tambayar da babu wanda ya yi tunanin yi. Na ji daɗin wannan, ba zan ɓoye ba.

Amma da ya ninke takardarsa fuskarsa ta koma irin ta aiki. Ya ce dole ya zubar da Juma'o'in nan duka, a sake ƙirga su. Kuma ba zai iya miƙa sunan mutumin da ya sa hannu a kan abin da bai gani ba, don za a tambaye shi dalilin ramin da ke cikin zanen, shi kuma ba zai yi ƙarya ba. Na ce a hukunta ni mana, ni na yi. Ya ce ba ni aka ɗauka aiki ba. Mahaifinku ya kwance agogon ya ɗora a kan allo ya miƙa masa da hannu biyu. Injiniya ya karɓi allon, ya ce agogon ya riƙe. Ya yago shafin zanen nan na uku ma ya bar mana, ban san dalili ba.

Da la'asar Yaya Hansai ta iso, ko zama ba ta yi ba.

"Ke wace irin mace ce? Kalma ɗaya ta rage a bakinsa! Da ya faɗa ya yi azumin kaffara, wa ya mutu?"

"Yaya, ga ruwa."

"Riƙe ruwanki. Ke kika ɓata ƙirgar, ke kika kuma tona. Baki kamar ƙofar kasuwa!"

Rabin maganarta gaskiya ne. Ni na ɓata ƙirgar. An gaya mini yadda zan yi, na ga nawa ya fi. Wannan na ɗauka, kuma na daɗe da ɗauka. Amma na biyun ban taɓa nadamarsa ba. Ni na jawo abin da ya kai shi ga ɗaga yatsa, ba zan tsaya a bayan zana in bar shi ya haɗiye wuta saboda gyaɗata ba. Wanda aka ɗauka a madadinsa ya yi shekara talatin a aiki, ya gina gidan siminti a Sabon Gari, kun san gidan. Mahaifinku ya yaye zanen da ke kan kekensa, ya sa masa mai, ya koma ɗinki. A kan keken nan ya biya muku makaranta, a kansa idonsa ya mutu.

Kwana huɗu bai yi mini magana ba sai abin da ya zama dole. Ranar Juma'a ya yi wanka ya tafi masallaci. Da ya dawo ya tsaya a bakin rumfa, bai dube ni ba, ya dubi titi.

"To, mai ƙirga. Yau nawa suka wuce?"

Gori ne, na sani. Sai dai bai san cewa tun sha biyu gwangwanayena na gabana ba, wannan karon shida, uku na motoci, uku na hawan gada. Na ce masa motoci kaza ne, hawan gada kuma kaza. Ya juyo ya dube ni. Ya daɗe yana dubana. Sannan ya ce in zuba masa tuwo.

Wannan ita ce tambayar da kuka taso kuna ji duk Juma'a, har bayan na bar rumfar, har bayan ƙafata ta daina kai ni bakin gada, ina amsa masa da abin da kunnena ya jiyo daga tsakar gida. Na san kun ɗauka tsokana ce ta mutumin da bai yafe ba. Binta ma ta taɓa yi masa kuka a kai tana yarinya. A farko haka ne. Daga baya ta daina zama haka, amma ba zan iya ce muku a wace shekara ba, don bai faɗa ba, ni ma ban tambaya ba. Takardar mai taurari tana cikin akwatinsa, ƙarƙashin rigar sallarsa, duk wanda ke so ya je ya gani. Layuka ukun nan suna nan guntaye yadda na bar su.

Juma'ar ƙarshe da ya yi a duniya ba a kai shi masallaci ba, yana kwance. Da aka sauko ya buɗe ido ya ce, yau nawa? Na ce Malam, ban ƙirga ba, ina nan wajenka.

Ya ce, "To kada ki sa hannu."